Ko Kun Sani? Birnin Iskoki

Ko kun san iskokin bori ma suna da birninsu? Masu bori na kiransa Jangare, birni mai gidaje 12, Sarki Sulaimanu ke mulkinsa. Can Ɗan Galadima yake, sarkin ado da kyauta, ga Sarkin Rafi, ga Inna Bafilatana. Mutanen Norwe na dā su ma suna da irinsa, Asgard, gidan Odin mai ido ɗaya.

Ba a ƙasar Hausa kaɗai ake taron iskoki ba. Hausawan da suka sauka Mai Wurno kusa da Sinnar a Sudan, bayan yaƙin Burmi na 1903, sun tarar da matan ƙasar na nasu taron iskoki da kiɗa da turare, wanda ake kira zar bori. Yara, ku tambayi kakanninku labarin.