Lissafin da ke Tuƙa Mota a Duniyar Mars

A cikin watan Agusta na shekarar 2012, injiniyoyin hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, wato NASA, sun yi jugum a ɗakin aikinsu da ke Kalifoniya suna jiran labarin motarsu mai sarrafa kanta, Curiosity, wadda ke shirin sauka a duniyar Mars. Saukar minti 7 kacal take ɗauka, amma saƙon rediyo daga can sai da ya yi kusan minti 14 a hanya. Ashe ke nan lokacin da suka ji cewa ta fara sauka, tuni aikin gama ya gama, ko dai ta dira lafiya ko kuma ta tarwatse. Aka yi sa'a ta dira lafiya.

Dalilin wannan jinkiri lissafi ne da ɗalibin sakandare zai iya yi a kan allo. Saƙon rediyo yana tafiya da saurin haske, kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya. Tazarar da ke tsakanin duniyarmu da Mars kuwa takan sauya, domin kowacce da tata hanyar kewaya rana: daga kimanin kilomita miliyan 55 zuwa miliyan 400. Idan aka raba tazarar da saurin, za a samu minti 3 zuwa minti 22. Saboda haka babu direban da zai taka birki daga nan in motar ta doshi rami. Tilas ne a tsara mata umarni tun da wuri, a kuma sa mata kwamfutar da za ta gane haɗari ta tsaya da kanta.

Malami zai iya nuna wannan a filin makaranta. A ɗaure wa ɗalibi guda idanu ya zama motar, a jera duwatsu a gabansa, 'yan ajin kuma su riƙa rubuta umarni a takarda, ɗan aike ya jira minti ɗaya kafin ya karanta masa. Nan da nan za su gane cewa "matsa gaba kaɗan" ba umarni ba ne. Sai an faɗi taku nawa.

A nan kuma darasi na biyu yake, wato ma'auni. A ranar 23 ga Satumba, 1999, kumbon Mars Climate Orbiter ya ɓace yana isa Mars, bayan tafiyar wata tara. Bincike ya nuna cewa wani rukunin injiniyoyi ya auna ƙarfin turin injin da ma'aunin fam, ɗaya rukunin kuma ya ɗauki alƙaluman a matsayin niyuton, alhali fam ɗaya ya kai niyuton 4.45. Tamkar mai saye ne da mai sayarwa suka yi ciniki a kan "goma", wannan yana nufin mudu, wancan yana nufin tiya. Kumbon ya yi ƙasa fiye da kima, har kimanin kilomita 57 daga doron Mars, ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Don haka, idan malami ya rage wa ɗalibi maki saboda ya rubuta 750 bai sa "daƙiƙa" a gefe ba, kada ɗalibin ya ɗauka tsanani ne. Irin wannan mantuwa ta taɓa cinye kumbo sukutum, tare da wahalar shekaru.