Allura da Lanƙwasassun Yatsu



Manomin Kademi da yatsunsa suka lanƙwashe, ya kasa riƙon ƙotar fartanya sosai, in ya ji labarin wata allura mai miƙar da yatsa ba tare da fiɗa ba, lalle ne ya yi ɗoki. Labarin gaskiya ne, amma da sauran bayani.

Ƙarƙashin fatar tafin hannu akwai wani tantani mai ƙarfi. A wata cuta, tantanin nan yakan yi kauri ya zama kamar igiya, ya riƙa janyo ƙaramin yatsa da na kusa da shi zuwa tafi, sannu a hankali, galibi ba zafi. Ana kiranta da sunan Dupuytren, likitan Faransa da ya yi mata fiɗa a Paris a 1831. Gwajinta kuwa ba wuya: mutum ya shimfiɗa tafinsa bisa tebur; in ya ƙi kwanciya, to, a ga likita.

Wajen shekarun 1970 wani likita a Paris, Lermusiaux, ya fito da dabarar allura. Akan kashe zafin wurin, a soka tsinin allura, a yi ta tsinka igiyar kaɗan-kaɗan, sa'an nan a miƙar da yatsan har ta tsinke. Ba ɗinki, ba kwanciya asibiti. Aibinta shi ne igiyar takan komo: wani bincike a ƙasar Holan, 2012, ya nuna ta komo wa kimanin 85 cikin 100 bayan shekara biyar, alhali waɗanda aka yi wa fiɗa 21 ne kacal. Amma ana iya sake allurar.

To, ga inda gizo ke saƙa. Cutar nan ta fi kama dattawan Turai ta Arewa. A ƙasar Hausa ba ta da yawa. Namu lanƙwashewar yawanci daga ƙuna take, watau yaro ya faɗa wuta garin jin ɗumi da hunturu, ko daga kuturta, ko ɗaurin maɗori da ya matse har jini ya kasa gudu. Nan ba igiya guda da allura za ta tsinka; fata ce ta tsuke, ko jijiya da tsoka suka lalace. Maganin ƙuna sai fiɗa da dashen fata, irin aikin da ake yi a Asibitin Ƙashi na Dala, sa'an nan a bi da motsa yatsu na watanni.