Idan Ɗanka Ya Nemi Garinsu a Google, Me Zai Gani?

Yaron da aka haifa a Kano ko Abuja, asalin iyayensa Talata Mafara, Bakura ko Maradun, idan ya rubuta sunan garinsu a Google, galibi abu biyu zai fara cin karo da su: labarin 'yan bindiga da na siyasa. Na siyasar ba abin mamaki ba ne, domin garuruwan uku kowanne ya ba Zamfara gwamna: Ahmad Sani Yarima daga Bakura a 1999, Abdul'aziz Yari daga Talata Mafara a 2011, Bello Matawalle daga Maradun a 2019. To ina labarin manoman shinkafa da malaman zaure da masu sana'ar hannu?

Amsar tana cikin yadda aka saƙa yanar gizo. Kowane shafi yana ɗauke da mahaɗai, wato kalmomin nan da kake latsawa su kai ka wani shafin. Injin bincike yana da manhajar da ke bin waɗannan zaruruwa dare da rana, tana tattara abin da ta tarar. A 1998 wasu ɗalibai biyu na Jami'ar Stanford a Amurka, Larry Page da Sergey Brin, suka fito da lissafin PageRank, wanda ya zama tubalin Google. Dabarar ita ce a ɗauki kowane mahaɗi tamkar shaida: shafin da manyan shafuka suka nuna, darajarsa ta ƙaru. Kamar neman aure ne, ba yabon kai ake saurare ba, ana duba su wa suka tsaya maka.

A 2000 masanan AltaVista da IBM da Compaq sun bi diddigin shafuka kimanin miliyan 200. Sun gano cewa kusan miliyan 56 ne kawai ke cikin cibiyar da kowane shafi ke iya kai ka ga ɗan'uwansa. Sauran suna gefe, wasu ma babu zaren da ya haɗa su da cibiyar. A yau injunan bincike suna duba wasu alamu da yawa, amma mahaɗi bai rasa kimarsa ba.

Nan gizo ke saƙa. Labarin hari yakan fito a manyan jaridu, ɗaruruwan shafuka su nuna shi. Shi kuwa tarihin madatsar Bakolori, wadda aka kammala a 1978 a kan Kogin Sakkwato, kuma take shayar da gonakin ƙananan hukumomin nan uku, mafi yawansa yana bakin dattawa. Abin da muke turawa a WhatsApp injin bincike ba ya ganinsa ko kaɗan.

Gyara na hannunmu. Wikipedia ta Hausa a buɗe take ga duk mai hujja. Ɗaliban Kwalejin Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara za su iya rubuta tarihin unguwanni da kasuwanni, su haɗa shafin Bakolori da na Bakura da Maradun. Iyaye kuma, a hutun nan a zaunar da yara gaban kakanninsu, a rubuta abin da suka faɗa, a sa shi a buɗaɗɗen shafi. In ba mu saƙa namu zaren ba, da zaren wasu jikokinmu za su san garinsu.