Ambaliyar Binuwai: Abin da Binciken Haɗin Gwiwa Kan Yanayi Ke Nuna Wa 'Yan Kasuwar Doma

DOMA, Jihar Nasarawa: A daminar 2022 kogin Binuwai ya cika ya tumbatsa, ya malale ƙauyukan kudancin ƙaramar hukumar Doma, ya kuma shanye fiye da hekta 4,000 na shinkafa a gonar kamfanin Olam da ke Rukubi. Shekaru goma kafin nan, wato a 2012, an ga irin wannan masifa a ƙasar nan, inda hukumomi suka ƙididdige mutum 363 da suka rasa rayukansu.

Ba duk ruwan da ya yi wannan ɓarna ne ya sauka a Nijeriya ba. Binuwai ya faro ne daga tuddan Adamawa a Kamaru, ya ratso ta madatsar Lagdo wadda aka kammala a 1982. Ke nan ma'aunin ruwan sama na ƙasa ɗaya ba zai isa a gane abin da ke tafe ba. Wannan shi ya sa masana yanayi suka daɗe suna aiki tare a tsakanin ƙasashe.

Tushen aikin shi ne daidaita ma'auni. Wani kwamitin ƙwararru a ƙarƙashin Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya ya tsara alƙaluma 27 na auna tsananin yanayi. A cikinsu akwai yawan ranakun da ruwa ya kai milimita 20, da ruwa mafi yawa da ya zuba cikin kwana biyar a jere, da tsawon kwanakin da aka yi babu ruwa, da kuma yawan darare masu zafi. Dalili kuwa shi ne, jimillar ruwan shekara ba ta faɗa wa manomi komai idan rabinsa ya zubo cikin 'yan kwanaki.

Da yake ƙasashe da dama ba sa son sakin bayanansu na yau da kullum, sai aka ɓullo da wata dabara. Jami'an kowace ƙasa sukan zo taron bita da kundinsu, a tantance shi tare, sannan a fitar da sakamakon lissafin kawai. An yi irin wannan taro a Kasablanka a 2001, aka sake yi a Afirka ta Kudu a 2004, inda aka duba bayanan ƙasashen kudanci da yammacin Afirka daga 1961 zuwa 2000. Sakamakon ya nuna ranaku da darare masu tsananin zafi suna ƙaruwa, masu sanyi kuma suna raguwa.

Bayan ambaliyar 2022, wata tawagar masana daga Afirka da Turai da Amurka ta gano cewa ɗumamar yanayi ta ninka yiwuwar samun damina mai yawan ruwa irin ta wannan shekara kusan sau 80 a yankin Tafkin Chadi. A ƙasan kwarin kogin Neja kuwa, yiwuwar mamakon ruwa na mako guda ta ninka sau biyu.

Har ila yau, akwai cibiyoyi biyu a Yamai da ke tattara wannan ilimi: AGRHYMET da aka kafa a 1974, da kuma ACMAD. Tun 1998 masana yankin ke haɗuwa kowace shekara su fitar da hasashen damina. A gida kuma, hukumar NiMet tana fitar da hasashen yanayi, hukumar NIHSA kuma tana bayyana wuraren da ake fargabar ambaliya, duka kafin damina ta kankama.

Ga ɗan kasuwar Doma, waɗannan rahotanni lissafin jari ne. Mai ba manoman shinkafa bashin taki da iri a fadamun Binuwai yana buƙatar sanin haɗarin kafin ya saki kuɗinsa, ya kuma duba batun inshorar amfanin gona. Mai sayen riɗi don fitarwa waje ya san cewa ruwan da ya zarce lokacin girbi yana lalata ƙwaya, ya karya farashinta. Mai shirin gina rumbu ko injin casa kuwa, zaɓen tudu ya fi masa arha a kan gyaran ɓarna.

Babban ƙalubalen da ya rage shi ne ƙarancin tashoshin awo, domin Afirka ce ta fi kowace nahiya ƙarancinsu. Kowace tasha da aka kafa a kwarin Binuwai, aka kuma kula da kundinta kullum, tana ƙara ingancin hasashen da manoma da masu zuba jari ke dogaro da shi.