Shawara Ga Mai Koyon Ginin Shafin Intanet: Wane Edita Za Ka Ɗauka?

Jama'a, a zamanin nan samarinmu da 'yammatanmu masu yawa sun ɗaura ɗamarar koyon sana'ar gina shafukan intanet, kuma lalle abin farin ciki ne. Sana'a ce wadda ba ta bukatar rumfa a kasuwa ko jari mai nauyi, sai kwamfuta da haƙuri. Amma akwai wani abu guda da kan tare ɗan koyo tun a bakin ƙofa, watau zaɓen manhajar da zai riƙa rubutu a cikinta. Wannan ya ce masa ɗauki kaza, wancan ya ce a'a, kaza ta fi. Sai ka ga yaro ya share wata guda yana sauke wannan yana goge waccan, kuɗin data sun ƙare, shi kuwa ko layi goma bai rubuta ba. Don haka muka ga ya kamata mu warware wannan magana dalla-dalla.

Mene Ne Edita?

In an ce edita a nan, ba Editan jarida a ke nufi ba. Wata manhaja ce da a ke rubuta umarnin da kwamfuta ke bi, wanda masu sana'ar ke kira kod. Kowane shafin intanet da harsuna uku a ke gina shi. HTML shi ne ginshiƙi da bango, shi ne Tim Berners-Lee ya fito da shi bayan ya kawo shawarar kafa yanar gizo a 1989, sa'ad da ya ke aiki a cibiyar bincike ta CERN kusa da Janiba. CSS shi ne shafe da ado. JavaScript kuwa, wanda Brendan Eich ya ƙirƙira a 1995, shi ke sa shafi ya motsa, ya amsa in an taɓa shi.

Dukansu uku da tsurar rubutu a ke yin su. Saboda haka manhajar buga wasiƙa irin Microsoft Word ba ta dace ba, gama tana cusa waɗansu alamomin ado a ɓoye, waɗanda ke rikita aiki. Edita na ƙwarai kuwa ya kan rina kalmomi launi-launi don ido ya rarrabe su, ya sa wa layuka lamba, ya kuma nuna maka inda ka buɗe baka ka manta ba ka rufe ba. Wanda ya taɓa kwana yana neman waƙafi guda da ya ɓace ya san ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Wanda Jama'a Suka Fi Yi

Editan da ya fi kowane karɓuwa yau shi ne Visual Studio Code, wanda a ke taƙaitawa VS Code. Kamfanin Microsoft ne ya fito da shi a 2015, kyauta ne, yana kuwa aiki a Windows da macOS da Linux. A binciken da dandalin Stack Overflow ya yi a 2023 da 2024, fiye da bakwai cikin goma na masu rubuta kod da suka ba da amsa sun ce suna aiki da shi. Wannan yawa ba abin alfahari ba ne kaɗai, amfani ne ga ɗan koyo. Galibin darussan da zai kalla da shi a ke yin su, in kuwa ya maƙale, da wuya ya rasa wanda ya taɓa maƙalewa a daidai wurin nan.

Yana zuwa da wani mataimaki mai suna Emmet. In ka buɗe sabon fayil na HTML, ka buga alamar motsin rai guda, ka danna Tab, sai ƙashin bayan shafi duka ya fito. Akwai kuma ƙari da a ke liƙa masa, kamar Live Server, wanda ke sabunta shafinka a burauza duk lokacin da ka adana gyara.

Amma fa yana da nauyi. An gina shi ne bisa Electron, watau yana ɗauke da injin burauza sukutum a cikinsa. Sauke shi ya kan ci wajen megabait 100, in kuma ƙwaƙwalwar aiki ta kwamfutarka, wadda a ke kira RAM, ba ta kai gigabait 4 ba, za ka sha jira, balle in ka buɗe burauza tare da shi. Tun 2022 kuma sababbin fitowarsa suka daina aiki a Windows 7. Har wa yau ya kan aika wa Microsoft bayanin yadda a ke amfani da shi. Ana iya kashe wannan a cikin saituna, ko kuwa a ɗauki ɗan'uwansa VSCodium, wanda aka cire masa wannan hali.

Ga Mai Tsohuwar Kwamfuta

Da yawa cikin ɗalibanmu kwamfutar hannu ta gwanjo gare su, wadda ta riga ta sha duniya kafin ta iso. Irin waɗannan kada su karaya. Notepad++, wanda Don Ho ya fara fitarwa a 2003, bai kai megabait 10 ba, yana kuwa buɗewa kamar ƙiftawar ido. A Windows kaɗai ya ke aiki. Yana da wata ɗabi'a mai kyau ga ƙasar da wuta ba ta da alkawari: ya kan ajiye kwafin abin da ka ke rubutawa bayan kowane 'yan daƙiƙoƙi, ta yadda in an ɗauke wuta, batir kuma ya mutu, aikinka ba ya bin iska. A VS Code ma akwai adanawa da kai, sai dai kai ne za ka kunna ta. Mai Linux kuwa yana iya ɗaukar Geany, shi ma marar nauyi ne. Wanda ba shi da komi sai wayar Android, akwai Acode, ko da ya ke rubutun kod da babban yatsa wahala ce. A fara da ita dai kafin Allah ya hore kwamfuta.

Waɗanda Za A Yi Hattara Da Su

To, ga inda rashin sani ya fi dare duhu. Tsofaffin darussan bidiyo da yawa har yanzu suna yabon Atom da Brackets. Dukansu sun yi zamaninsu. Kamfanin Adobe ya janye hannunsa daga Brackets ran 1 ga Satumba, 2021, ya bar wa 'yan sa kai. GitHub kuwa ya rufe Atom ran 15 ga Disamba, 2022. Edita da mai shi ya daina kula da shi kamar gida ne da ba a yi masa yaɓe, kowace damina sai ya ƙara zubewa. Kafin ka bi shawarar wani darasi, duba shekarar da aka yi shi.

Sublime Text, wanda Jon Skinner ya fitar a 2008, yana da sauri ƙwarai, amma ba kyauta ba ne. An yarda ka gwada shi, sa'an nan a na sa ran ka sayi lasisi. Vim kuwa, na marigayi Bram Moolenaar, wanda ya fito a 1991, kyauta ne, gwanaye kuma suna ji da shi, amma koyonsa kansa wata makaranta ce. Ɗan koyo ba ya haɗa karatu biyu a allo ɗaya.

Babban gargaɗi kuma shi ne, kada ka ba kowa ko kwabo don ya sa maka VS Code ko Notepad++, kada kuma ka karɓi manhajar sata da aka fasa wa makulli. Sau da yawa a cikin irinta a ke ɓoye ƙwayar cutar da ke satar kalmomin sirri. Je ka shafin masu abin da kanka ka sauke.

Haƙƙin Harshenmu

Akwai wata magana da ta shafe mu musamman. Haruffanmu masu lanƙwasa, watau ɓ da ɗ da ƙ, ba su fita daidai sai an adana fayil da tsarin UTF-8, an kuma ambaci haka a goshin shafi. In ba haka ba, sai mai karatu ya ga waɗansu baƙaƙen alamomi a inda ka rubuta ƙasa ko ɗaki. VS Code da Notepad++ duka suna nuna tsarin da fayil ke kai a gindin allo. Ka saba da duban wurin. Ka kuma sa alamar harshe ta "ha" a farkon shafi, don injunan bincike su san Hausa ce.

Kada Na'ura Ta Yi Maka Karatu

Tun ƙarshen 2024 aka buɗe wa masu VS Code wani kaso kyauta na GitHub Copilot, mataimaki mai ƙirƙirarriyar basira, wanda kan ƙarasa maka kod tun ba ka gama tunani ba. Ga gwani taimako ne. Ga ɗan koyo kuwa, shawararmu ita ce ya kashe shi a watannin farko. Almajirin da kullum wani ke rubuta masa allo, yaushe hannunsa zai faɗa? Ranar da shafin mai kuɗi ya lalace, kai za a kira, sai da ruwan ciki kuwa a kan ja na rijiya.

Taƙaitawa

In kwamfutarka tana da ƙarfi, ɗauki VS Code. In ba ta da shi, ɗauki Notepad++. Kada zaɓen ya ci maka fiye da yini ɗaya. Fayil ɗin da ka rubuta a wannan zai buɗe a wancan ba tare da canjin ko wasali ba, saboda haka ba aure ka ɗaura ba, ka iya sauyawa duk ran da ka ga dama. Mai ba ka aiki ba zai tambaye ka da wane edita ka yi ba, shafi zai duba, kamar yadda mai sayen riga ke duban ɗinki ba allura ba.

Yau ɗin nan ka buɗe fayil, ka sa masa suna index.html, ka rubuta sunan garinku da abin da a ke nomawa a can, ka buɗe shi a burauza ka gani. Gobe ka ƙara masa launi. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya ba mai nema sa'a, amin.