Injin zuƙe ƙura mai ɗaukewa yana dawowa

Injin da ya mutu murus bai cika ba mai gyara wahala ba, don ana buɗe shi za a ga abin da ya ƙone. Mai cin rai shi ne wanda zai yi aiki lafiya da safe, ya tsaya da hantsi, a kira mai gyaran wuta, yana isowa kuma ya tashi garau kamar bai taɓa yin komai ba. Injin zuƙe ƙura na shagon kafinta ya yi ƙaurin suna wajen wannan hali, saboda yana rayuwa ne cikin abubuwa biyu da kayan lantarki ba sa shiri da su: girgiza da garin katako.

Kafin a kwance ko ƙusa ɗaya, a lura da lokacin da yake ɗaukewa. Rabin gyaran yana nan.

Idan sai ya ɗan jima yana aiki sannan ya tsaya, kuma ba ya yarda ya tashi sai ya huce, to zafi ne. Galibin irin waɗannan motoci na da ɗan makari a ciki ko a akwatin makunni, wanda ke yanke wuta idan moto ya ja fiye da ƙima. Makarin nan bai lalace ba, aikinsa yake yi. Abin nema shi ne dalilin zafin, kuma a garuruwanmu wanda ake fara tuhuma shi ne raunin wuta. Moton da aka ƙera don bolt 230, idan wuta ta sauka ƙasa da 200, ƙarin karan yake ja don ya cike giɓin, kwayil kuma ya gasu. Doguwar waya siririya da aka jawo daga shagon maƙwabci ita ma haka take yi, ko da wutar layi na da ƙarfi. Shi ya sa ake auna wuta a bakin moton yana cikin juyawa. Awon soket babu kaya a kansa ruɗi ne kawai.

Akwai wani abu da ke ɗaure wa kafintoci da yawa kai. Ana zaton buhun da ya toshe da ƙura ne ke wahalar da moto. Akasin haka ne. Irin wannan fanka ta fi jan wuta lokacin da iska ke wucewa ba shamaki, don nauyinta shi ne iskar da take turawa. Wanda ya cire bututu da buhu ya kunna injin tsirara wai don ya sarara, ƙara masa kaya ya yi. Buhu mai toshewa zuƙa yake ragewa. Ƙurar da ke cutar da moto ita ce wadda ta daskare a jikinsa da murfin fankarsa ta baya, ta hana shi shan iska.

Idan kuwa a wajen tashi ne yake gardama, wani lokaci ya tashi, wani lokaci ya tsaya yana gurnani, sai a dubi kafasita da makunnin nan na cikin moto wanda ke cire kwayil ɗin tayarwa idan gudu ya kai kusan kashi 75 cikin ɗari. Garin katako kan shiga tsakanin bakunansa, yau su haɗu, gobe su ƙi. Kafasita mai rauni kuma takan kumbura ko ta yi yoyo. A kashe da sauri idan aka ji gurnanin, don a daƙiƙun nan moto na jan ninki biyar zuwa bakwai na abin da ya saba ja. Wannan ninkin ne ma ke durƙusar da ƙaramin janareta. Doki ɗaya wat 746 ne, sai mutum ya lissafa moto mai doki biyu ya ga janaretansa ya isa, ya manta da nauyin tashi.

Wani kuma sai an kunna injin yankan katako ko na fira yake ɗaukewa. Makunni mai maganaɗisu, mai maɓallin kore da ja, wuta ce ke riƙe da shi, da ta ɗan nutsa sai ya saki, kuma ba ya komawa sai an danna. Da gangan aka yi shi haka don kada inji ya tashi da kansa idan an dawo da wuta. Maganin shi ne a raba musu layi. A shagon da ke da layi uku, ɓacewar ɗaya ma kan jawo gurnani da zafi.

Wanda ba shi da lokaci sam, sai dai idan an taɓa shi ko an ja waya, wannan sako-sako ne. A zare fulogi, a ba kafasita lokaci ko a sauke cajinta don tana riƙe wuta bayan an kashe, sannan a bi mahaɗa ɗaya bayan ɗaya ana neman baƙi, narkewar roba ko ƙauri. Wayar da ake lanƙwasawa kullum takan karye a cikin rigarta kusa da fulogi ba tare da an gani ba.

Abin da ba zan taɓa goyon baya ba shi ne dabarar da wasu masu gyara ke yi ta tsallake makari da guntuwar waya, inji ya daina ɗaukewa, mai shago ya biya yana godiya. Bayan 'yan makonni sai kuɗin naɗin kwayil, in an yi sa'a ke nan, don tartsatsi a cikin lallausan garin katako gobara ce. Ajiye injin a ci gaba da aiki cikin ƙura shi ma ba mafita ba ne: tun 1995 hukumar binciken cutar daji ta duniya ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da ke jawo dajin hanci, ban da tari da asma da ke addabar masu sana'ar.