Wa Ya Rubuta Labarin Mungo Park a Yauri?

Da wuya shafin tarihi na jarida ya taɓo zancen Mungo Park bai ambaci Yauri ba, kuma sau da yawa akan jingina labarin ga littafin Baturen da kansa. Wannan kuskure ne. Rubutun Park na tafiyarsa ta biyu ya tsaya ne a Sansandi, cikin ƙasar Mali ta yau, a watan Nuwamba na 1805. Daga can ya danƙa wa ɗan rakiyarsa, wani ɗan kasuwa mai suna Isaaco, takardunsa ya kai su Gambiya, shi kuwa ya shiga jirgin ruwa ya gangaro Kwara. Duk abin da ya rubuta bayan nan bai iso hannun kowa ba.

Labarin Yauri daga bakin Amadi Fatuma ya fito, tafintan da Park ya ɗauka ya raka shi zuwa ƙasar Hausa. A 1810 gwamnan Ingila a Senegal ya aiki Isaaco ya binciko abin da ya faru. Ya sami Amadi kusa da Sansandi, ya komo da bayaninsa, aka juya shi daga Larabci zuwa Turanci, aka buga tare da littafin Park a 1815. Haɗa su cikin bango ɗaya ne ya sa masu karatu suka ɗauka duk alƙalami ɗaya ne.

Amadi ma bai ga mutuwar Park da idonsa ba. A Yauri aikinsa ya ƙare, nan ya sauka. A faɗarsa, Park ya ba sarkin wani gari na bakin kogi kyauta ya miƙa wa Sarkin Yauri, mutumin ya danne, ya ce Turawa sun wuce ba gaisuwa, sarki ya husata ya tura mayaƙa suka tare jirgin a duwatsun Busa. Shi Amadi an sa masa mari wata uku, sai bayan ya fito ya ji yadda aka ƙare daga wani bawa da ya tsira. Ke nan zargin da aka ɗora wa fadar Yauri, zamanin Sarki Albishir Ɗan A'i, ya tsaya ne a kan maganar mutum guda da ya ji a bakin wani, mutumin da kuma yake da buƙatar wanke kansa, tun da shi ya rabu da ubangidansa ana gab da halaka. Da wani Bature matafiyi, Clapperton, ya iso Busa a 1826, ya tabbatar cewa a nan Park ya gamu da ajalinsa, amma bayanan da ya tattara kan dalilin faɗan ba su zo ɗaya ba.

Masu cewa a Jebba Park ya mutu kuwa, hasumiyar tunawa da aka gina can ce ta ruɗe su. A Busa ya mutu, a 1806, kuma tsohuwar Busa na ƙarƙashin tafkin Kainji tun 1968.

Saura maganar cewa littattafan Park na ɓoye a fadar Yauri. Wannan jita-jita ta girmi kakanninmu, kuma tana da tushe: Clapperton ya sami saƙo cewa Sarkin Yauri na riƙe da wasu littattafai. Saboda haka wasu Turawa, Richard Lander da ƙaninsa John, suka hauro daga Busa zuwa Birnin Yauri a 1830, suka yi makonni suna jira, daga ƙarshe sarki ya ce babu komai a hannunsa. Abin da aka nuna musu a Busa wani tsohon littafi ne bugun ɗab'i, mai jadawalin lissafin matuƙan jirgin ruwa, da 'yan takardu marasa muhimmanci a tsakanin shafukansa. Babu labarin tafiya ko na rana ɗaya a ciki.